Shekarar da Na Rame

Na san abin da kuke faɗa a bayan idona, kada ku ɗauka tsufa ya toshe mini kunne. Wai Umma ba ta yarda da girkin kowa ba. Wai in na zo gidajenku sai in buɗe kwano in yi ta leƙe, in ture shinkafa gefe, in tsince ganye, in tambayi cokali nawa na mai aka zuba. Matar Sani har da hawayenta, wai ina zargin ta barbaɗa mini wani abu. Yarinya, in kin karanta wannan ki share idonki, ba ke ba ce, abin ya girme ki a gidan nan. Zan ba ku labarin shekarar da na rame, tunda ku maza kuna can wajen neman na kanku ba ku gani ba, Bilki kuma da take gabana rabi ta gani.

Ni da kuke gani, da can ba ƙaramar mace ba ce. In mai Keke ya hango ni a bakin titin Kakuri tun daga nesa yake washe baki, ya ce Hajiya yau ma kujera biyu ce? Zane ɗaya da ƙyar yake zagaye ni. Sallah a zaune nake yi, don in na kai goshi ƙasa sai an kama ni nake tashi. Amma wa ya taɓa ce mini ciwo ne? Babu. A unguwarmu sunan wannan hutu. Babanku, Allah ya jiƙansa, alfahari yake yi da ni, yana cewa duk wanda ya ga matarsa ya san ba a kwana da yunwa a gidansa. Da masaƙar da yake aiki ta rufe aka sallame su, ya koma tuƙin babbar mota zuwa Fatakwal, kuma bai taɓa dawowa ba sai da burodi da katan ɗin lemo. Hawan jini ne ya kayar da shi, ɓarin jikinsa ya shanye, ya yi watanni a kwance yana ƙarewa a kan idona har ya koma kamar kara. Duk wanda ya zo dubiya ya ga yadda ya rame kafin ya rasu.

Bayan na fita takaba jikina ya fara yi mini wasu 'yan canje-canje. Ƙishirwa ba ta ƙarewa, fitsari ba ya ƙarewa, in na miƙe sai duniya ta juya. Bilki ta matsa muka je asibiti. Likitar wata 'yar siririya ce da ba ta wuce sa'ar Sani ba, ta duba ni ta sake dubawa, sannan ta ajiye biro.

"Mama, sukari ne, kuma jininki ya hau. Zan ba ki magani, amma maganin kaɗai ba zai ɗauke ki ba. Sai kin rage jikin nan. Kwanonki da ƙafarki su ne rabin aikin."

Na ce, "Yo 'yar nan, ni da maƙwabta ke kawo wa yara su ga yadda ake cin tuwo?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ce in na yi wasa da sukari, ƙaramin ciwo a ƙafa zai iya zama abin da za a yanke. Na dawo gida ina tuna kwanciyar Babanku, yadda nake juya shi ina goge shi, na ce wa kaina ni wa zai iya juya ni? Bilki ita kaɗai? A ranar na kwashe sauran lemon da ke firji na raba wa yaran layi.

Wadda ta koya mini yadda ake yi ita ce Maman Istifanus, maƙwabciyarmu ta bayan gida, 'yar wajen Kagoro da ke sayar da acca da doya. Kun san ta, ita ce ke aiko muku da cincin ranar Kirsimeti, mu kai mata nama da Babbar Sallah. Ita ma sukarin ya taɓa ta shekaru kafin ni. Da ta ji, ta shigo har kicin ɗina ta ɗauke babban kwanon da nake ci a ciki, ta miƙo mini ɗan farantin da nake zuba wa Bilki tana ƙarama.

"Maman Bilki, daga yau wannan ne naki. Rabi ganye, sauran ki raba wa tuwo da wake. In ya ƙare ya ƙare, ba ƙari. No be punishment o, na medicine. Ba horo ba ne, magani ne."

Haka na fara. Koko ba sukari, shayi ba sukari, har na saba na daina yamutsa fuska. Mai da manja na koma aunawa da cokali, na daina tuttulawa daga galan. Ƙosai na mayar da shi alale, kifi na daina soyawa sai gashi ko dafuwa. Faten acca da safe, kwaɗon zogale ko na rama da rana, abincin dare kuma kafin magariba na gama da shi, in yunwa ta taso daga baya in ci kokwamba ko yalo in kora da ruwa. Da na idar da sallar asuba gari ya fara haske, Maman Istifanus za ta ƙwanƙwasa ƙofa, in zura hijabi da takalmin roba mu kama hanya. Ranar farko ko ƙarshen layinmu ban kai ba na zauna a kan dakalin wani ina haki ina zaginta. Ta tsaya a kaina ta ce in gama zagin mu ƙarasa. A hankali muka kai bakin tsohuwar masaƙa, a hankali muka fara zagaye katangarta mu dawo. Kasuwa ma na daina hawa Keke. Ranar da na kai goshina ƙasa na tashi da kaina ba wanda ya kama ni, wallahi kuka na yi a kan dardumar.

To ni ina can ina murna, ashe unguwa ta buɗe nata karatun. Da gaisuwa na fara ganewa. Matan da shekara da shekaru suke ce mini ina kwana, ya yara, sai suka koma sassauta murya.

"Sannu, Maman Bilki. Ya jiki?"

Na ce, "Wane jikin?"

"A'a, babu. Allah ya ƙara sauƙi."

Ku da kuka tashi a nan kun san ba a yi wa mai lafiya ya jiki. Na farko na bar shi, na biyu na bar shi, da abin ya kai har mai niƙa yana ce mini Allah ya sa kaffara ne, na san ruwa ba ya tsami banza. A gidan suna na lura in na sha ruwa na ajiye kofi, ba mai sake ɗauka, sai wata ta zo ta janye shi da wayo ta kai bakin rijiya. Matar da muke cin kwano ɗaya da ita tun muna amare ta ce mini azumi take yi, bayan na ga miya a gefen bakinta. Wata rana ina wucewa ta bayan shagon tela na ji an ce, ai abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, aka kwashe da dariya, da suka gan ni aka yi tsit. Nan na haɗa lissafin da suka haɗa. Direban babbar mota, ya rame ya mutu, ga matarsa ta bi sahu. Ba wanda ya taɓa furta sunan ciwon a gabana, amma ko yaro ya san ƙanjamau suke nufi.

Kai, na yi zargi a shekarar nan har na gaji da kaina. Na zargi tela, don shi ya rage mini riguna har sau biyu, kuma bakinsa ya fi kekensa gudu. Na zargi wata 'yar layinmu da ta gan ni a asibiti, don layin masu sukari yana jikin ƙofar da masu wancan ciwon ke karɓar magani, benci ɗaya ma muke zama wani lokacin. Na zargi Inna, mahaifiyata, ba don mugunta ba, don ita a duniyarta rama ciwo ce kawai. Ta zo daga Unguwar Mu'azu ta same ni da kwanon kwaɗo, ta riƙe haɓa.

"Ke dai kin shiga uku. Mai cin rama ai sai rama! Me kike ɓoye mini?"

Na ce, "Inna, likita ce ta sa ni. Sukari ne."

"Sukari yana sa mutum yawon asuba kamar wadda aka yi wa kurciya? Ni na haife ki."

Daga nan ta bi gidajen malamai tana karɓo mini rubutu, duk inda ta shiga sai ta ce 'yarta na ƙarewa kuma ta ƙi faɗin abin da ke damunta. Kun ga ko da kyakkyawar niyya, ta yi wa masu gulma rabin aiki. Har Maman Istifanus sai da na yi wa kallon gefen ido na kwana biyu, ina cewa ita da take zaune a kasuwa wa ya san me take faɗa. Har yau da nake rubutun nan ban san bakin da ya fara ba.

Da ni kaɗai abin ya tsaya, da na toshe kunne na ci gaba da tafiyata. Amma a lokacin ne maganar auren Bilki da Nura ta yi ƙarfi. An kawo kuɗin gaisuwa, saura sa rana. Nura maraya ne, gwaggonsa Hajiya Turai ta Unguwar Sanusi ita ta riƙe shi, kuma abin da ta ce shi dangi ke yi. Ta taɓa ganina sau ɗaya, lokacin ta'aziyyar Babanku, ina cike da tabarma. Da ta zo ganin gida ta same ni a tsaye ina shara, ta wuce ni tana tambaya ina matar gidan. Da na ce ni ce, sai da ta ja da baya. Na shimfiɗa mata darduma, na kawo zoɓo mai sanyi da dambun nama da na yi da hannuna. Ta dube ni daga wuya zuwa wuyan hannu, ta dubi kofin.

"Alhamdulillahi, a ƙoshe nake. Hajiya, ashe ba ki ji daɗi ba? Ba a faɗa mana ba."

Na ce, "Lafiyata ƙalau, Hajiya. Na fi shekara goma ban ji ƙarfin da nake ji yanzu ba. Sukari ne aka ce in rage jiki."

"Sukari. To. Allah ya sawwaƙe. Marigayin ma an ce haka ya yi ta fama ko?"

Ta tashi ba ta taɓa ko ruwa ba. Sati ya wuce, wata ya wuce, ba a zo sa rana ba. Yau a ce kawunsu ya yi tafiya, gobe a ce ana jiran a gama gini. Nura ya rage zuwa, in ya zo ma a ƙofar gida yake tsayawa yana sunkuyar da kai. Bilki ta daina cin abinci, ta koma kwana tana juyi, da safe ido a kumbure ta ce mini mura ce. Ita ba ta taɓa ce mini komai ba, kuma ina so 'yan'uwanta su san wannan. Ko sau ɗaya ba ta roƙe ni abin da na yi daga baya ba.

Na yafa mayafi na haye gada na tafi Unguwar Sanusi da kaina, abin da uwar mace ba ta yi. Na ce wa Hajiya Turai in akwai abin da ke ranta game da lafiyata, ta zaɓi asibitin da ta yarda da shi, mu tafi tare yanzu a ɗebi jinina a gabanta. Sai ta dafe ƙirji.

"Subhanallahi! Wa ya ce kina da wani abu? Mu ba mu ce ba. Kada ki ɗora mana maganar da ba mu yi ba."

Ta raka ni har zaure, sannan ta ƙara da murya ƙasa ƙasa, kamar da bango take yi.

"Takardar asibiti kuma ai a garin nan ba abin da ba ta faɗa. Mu mutanen da, ido ne shaidarmu."

To ku gaya mini, yaya mutum zai wanke kansa daga maganar da aka rantse ba a yi ba? A Keke na dawo ranar, ban iya takawa ba. Kafin mu sauko daga gada na gama yanke shawara. Ido suke so, ido zan ba su.

Na sauko da babban kwanona daga saman kabad. Na koma shayi mai kauri da madara da sukari, burodi da bota, tuwon shinkafa malmala uku, soyayyen abu duk da ya zo hannuna. Kuma ba a ɗaki nake ci ba, a tsakar gida nake zama in bar ƙofa a buɗe. Duk sunan da aka yi a Kakuri da Makera ina sahun gaba, in cinye nawa in ce a ƙaro, in fasa lemo a gaban kowa in shanye. Asibiti na daina zuwa don kada a sake ganina a kan bencin nan, ƙwayar kawai nake aika a sayo mini a kemis. Da asuba Maman Istifanus ta ƙwanƙwasa na ce mata gwiwa ke ciwo. Kwana uku tana zuwa, a na huɗu ta turo ƙofa ta same ni da faranti cike da fanke. Ta tsaya tana kallona, ni kuma na ƙi ɗaga kai.

"Saboda bakin mutane? Maman Bilki, kashe kanki za ki yi saboda bakin mutane?"

Na ce, "Saboda 'yata."

"In kin mutu su za su yi mata wankan jego?"

Na ce ta fita mini daga gida. Ta fita tana share ido da bakin zane, kuma ta fi ni gaskiya, na sani tun a lokacin. Ba daɗi nake ji ba, kada ku zata. Ina ci, ina haɗiyewa ina jin muryar likitar nan. Ƙishirwa ta dawo, jiri ya dawo, tafin ƙafata ya fara yi mini kamar na taka auduga. Amma kumatu suka ciko, wuya ya dawo, na mayar wa tela rigunan ya buɗe su. Ranar da mai niƙa ya ce mini Hajiya ina kwana, ya yara, ba tare da ya jiki ba, na san aikin ya ci. Inna ta yi ta godiya ga malamanta. Ba a daɗe ba sai ga mutanen Unguwar Sanusi da goro da alawa, an zo sa rana.

Ranar ɗaurin aure da ƙyar nake ganin fuskokin mutane, komai hazo hazo. Na sa wani sabon takalmi da ya matse ni, na wuni a tsaye a kansa ina karɓar baƙi, ban ji komai ba. Hajiya Turai ta rungume ni a gaban mata, ta matsa damtsena kamar mai taya rago.

"Ma sha Allah! Kin ga yadda kika murmure? Yanzu kika dawo mutum. Dama na ce musu zafin rashin miji ne."

Mata suka yi guɗa, ni ma na yi dariya. Da aka kai amarya na cire takalmin, sai na ga safa ta manne da jini a ƙaramin yatsa da na kusa da shi. Na wanke na shafa man zafi na ce gobe zai bushe. Bai bushe ba. Na ɓoye shi har aka gama zaman bakwai don kada in ɓata wa Bilki amarcinta, kafin nan ya yi baƙi ya fara wari. Maman Istifanus ce ta ji warin da ta shigo kawo mini acca, ta fita ta tsayar da Keke.

Likitar nan ta kwance ƙafar ta duba, ta ɗago ta dube ni, ta ga jikin da na mayar. Ranta ya ɓaci sosai. Ta ce Mama me ya kai ki, ke da nake ba wasu labarinki? Kuna tsaye a wurin, Sani da Kabiru, kun taho a rikice. Na ji Kabiru yana ce wa nas ai Umma ba ta iya riƙe bakinta ba, biki ne ya ja ta. Na bar ku a kan haka, don in na buɗe baki Bilki za ta ji, ga ta amarya, ta ɗauki abin ta ɗora wa kanta da mijinta. Yanzu 'ya'yanta sun kai biyar, Nura kuma bai taɓa saɓa mata ba, ta isa ta ji. Yatsu biyu aka cire.

Kwana biyu da yin aikin sai ga Hajiya Turai ta zo dubiya, da kular farfesu da katan ɗin lemo niƙi-niƙi. Ta zauna a bakin gado tana sauke numfashi, ta dubi ƙafar da aka naɗe, ta tari wata nas da ke wucewa ta tambaye ta wai me ya kawo wannan. Nas ta ce mata sukari ne, ya daɗe a jikinta. Sai na ga fuskar matar nan ta saki, wani nauyi ya sauka daga kafaɗarta, ta ɗaga hannu biyu sama.

"Ashe da gaske sukarin ne! Kai, alhamdulillahi. Hajiya, ai da kin faɗa mana tun farko."

Bilki na tsaye a gefena tana yi mini fifita. Na dubi yarinyar nan da lallen amarci bai gama gogewa a hannunta ba, na haɗiye maganar da ta taso mini.

Na ce, "Haka ne, Hajiya. Mun gode da ɗawainiya."